Gabas Ɗin da Lawal Ya Tafi

A damanar 1960, ranar da mai shela ya zaga ƙauyenmu da ganga yana faɗin Nasara sun miƙa ƙasa ga masu ita, ni ina tsugune a gamanar Inna, ɗan fegin da Baba ya yankar mata a gefen gonarmu, ina cire haki daga gindin gujiya. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, hatsi ya kai ƙugun babban mutum. Muna jiyo gangar daga cikin gari da guɗar mata, amma Inna ko waiwayawa ba ta yi ba, idonta yana kan hanyar kudu. An kwana biyu da Baba ya ƙetara ƙasar Ingilishi, haka muke kiran Najeriya a lokacin, don ya zo da ɗan ƙanenta, wanda uban ya rasu ya bari. Rana ta karkata sai muka hango jakinmu yana fitowa daga tsakanin itatuwan gawo da suka kaɗe ganye, Baba yana biye da shi a ƙasa, a bisa kuma wani yaro dogo siriri, da gajeren wandon kaki da takalmi, ya rungume akwatin kwano a cinya. Inna ta saki hauya ta nufe su, ƙafarta tana nutsewa cikin rairayi. Ba ta yi kuka mai sauti ba, ta dai kama kan yaron ta manna a ƙirjinta tana ambaton sunan ubansa. Yaron ya durƙusa ya ce, "Goggo, ina wuni," daga nan ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗakunanmu na ciyawa can nesa. Wannan shi ne Lawal. Ina da shekara goma, shi kuwa ya ɗan girme ni.

Ƙauyenmu yana kusa da Gangara, kuma kusan kowane gida a cikinsa yana da dangi a ƙetare. Kakannin Baba daga ƙasar Katsina suka taso suka sari daji a nan, Inna kuwa can aka haife ta, aure ya kawo ta. Iyaka a wurinmu wani dutse ne da Nasara suka kafa a daji, awaki suna kiwo a kowane gefensa. Kawu Audu, uban Lawal, tela ne a wani babban gari na can. Matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kuma tari ya ɗauke shi a bazarar wannan shekara. Lawal ya gama aji huɗu na elementare, har an sa sunansa cikin waɗanda za su wuce babbar makaranta a Katsina, sai mutuwa ta yanke maganar. Abin da ya tarar a wurinmu danga ce ta kara, zauren laka, ɗakuna uku, rumbu biyu, turken awaki, da wata tsohuwar aduwa da muke cin tuwo a ƙarƙashinta. Ɗakina aka sa shi, muka raba gadon kara ɗaya. Manya suka ƙara wa sunansa wutsiya irin tamu, suna kiransa Lawali, yara kuwa Ɗan Ingilishi suke ce masa, saboda yana ce wa gujiya gyaɗa, kuma bai iya riƙe hauya ba sai da tafin hannunsa ya fashe ya warke. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, taubasai muke, sai ya riƙa kirana bawansa. Wannan kaɗai ne wasan da ya zo da shi.

Da kaka ta kama aka buɗe lakol, wato makarantar boko. Rumfar zana ce a bayan gari, muna zama a ƙasa, kowa da allonsa a cinya. Mushe, wato malaminmu, saurayi ne daga yamma, shi ma baƙo ne a cikinmu, kuma ina jin bai san yadda zai yi da yaron da ya iya lissafi fiye da kowa amma bai san ko gaisuwa da Faransanci ba. Sai ya zaunar da shi a layin ƙanana, cikin masu majina, kansa ya yi sama da na kowa kamar dawa a gonar wake. In an kira sunansa da safe, bakinsa kan riga shi, ya ce "Yes, sir," aji ya kwashe da dariya. Akwai wani ƙashin kan akuya da aka zarga wa igiya, ana ce masa sambol, wanda duk ya yi Hausa a lakol sai a rataya masa a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Mushe ya yanke cewa Ingilishi ma laifinsa ɗaya da Hausa. Daga nan ƙashin ya zama kamar layar Lawal, don shi ba ya farautar kowa ya miƙa masa. Yakan tsaya a gefen fili lokacin da muke langa, ƙashin yana lilo a ƙirjinsa, ƙudaje suna binsa. Kafin sanyi ya wuce ya daina zuwa. Baba bai matsa masa ba, tun da yaro guda maigari ya nema daga kowane gida, kuma an riga an ba da ni.

Abin da lakol ta ƙi karɓa daga gare shi, ni ya juye wa. Ranakun da ba karatu tare muke kiwon awaki a cikin sabara da kalgo, mu yanko haki, mu tsinci ƴaƴan magarya, in hatsi ya fara nuna mu hau rumfar gona muna korar tsuntsu da gwangwani. A nan ya fara koya mini Ingilishi, yana rubutu a ƙasa da tsinke, iska tana sharewa. Bai koya mini sunayen abinci ko na dabbobi ba. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda mutum zai faɗi inda yake, ya faɗe shi daidai. Ya ce Hausa da "a" ɗinta guda take zuwa ko'ina, a gona, a hanya, a Kano, amma Ingilishi ƙananan kalmomi uku gare shi, kowace da wurinta. In wuri ya haɗiye ka, kamar ɗaki ko gari, sai ka ce "in". In kana bisa bayan abu, kamar hanya ko tudu ko jaki, sai ka ce "on". In kuwa ka je ka tsaya a bakin wani wuri, rijiya ko ƙofa ko kasuwa, to "at" ke nan. Na taɓa cewa "at Kano", ya ba ni ranƙwashi ya ce, "Kano ta fi ƙarfin at, bawana. Kano haɗiye mutum take."

Daga baya abin ya zama wasa. Sai ya shige cikin hatsi ya ɓace, ya ƙwala kira, "Where are you?" ni kuma duk inda kiran ya same ni dole in amsa ba kuskure. Na amsa daga kan suri, na amsa daga cikin rumbu ina ɗebo zangarniya, na amsa daga bakin masussuka mata suna kallona kamar na taɓu. Wata safiya ina bakin rijiya ina shayar da jaki ya kira ni, na ɗaga murya na ce "in the well". Ya fito daga bayan danga yana riƙe da ciki don dariya, ya ce, "To, a kawo igiya da guga a fito da bawana!" Ranar ce kaɗai na taɓa ganin haƙoransa na ciki. Har yau Ingilishin da ke kaina ke nan. Na iya faɗin inda nake tsaf, amma ban iya faɗin abin da nake so ko abin da ke damuna ba.

Wata yamma muna ɗaure awaki a turke, hayaƙin murhun Inna yana tashi, na ce masa da alfahari, "We are at home." Ya ci gaba da ƙulla igiya kamar bai ji ba. Can ya ce, "Kai ne at home. Ni in the house nake." Na tambaye shi bambancin, tun da duka gida ne. Ya ce "house" danga ce da rufi, ko na wane ne, "home" kuwa inda aka binne cibiyarka ne, inda in ka yi ɓarna za a zane ka ba a ji nauyinka ba. Sai a lokacin na lura cewa tun zuwansa Baba bai taɓa ɗaga masa hannu ba. In awaki suka shiga gonar mutane ni ake duka, shi a ce, "Lawali, a riƙa kula." Inna takan zuba masa miya ta fi tawa, in an yanka kaza shi ke cin hanta. Ni kishin abin nake yi, ashe shi kowace loma tuna masa take cewa maraya ne a gidan wasu.

Haka muka ƙara yin damana biyu. A kakar 1962, lokacin da ake kwasar gujiya ana kai ta Kano a manyan motoci, wata kamiyo, babbar motar kaya, ta saki hanyar Gazawa ta faɗo ta wajenmu, ta kafe a rairayin kwari. Gari duka ya fito, maza suka kawo kara da itace suna cusawa ƙarƙashin taya. Direban wani Ibo ne gajere mai faɗin ƙirji, sunansa Sande, sabon zuwa arewa, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Yana ta magana yana nuna gabas da yamma, gumi yana zuba, kowa na kallon bakinsa. Lawal ya iso da damin hatsi a ka. Ya sauke damin, ya matsa, ya yi masa magana. Ban fahimci rabin abin da suka ce ba, na dai tsinci kalmomin nan uku suna wucewa yayin da yake kwatanta masa inda zai juya a gindin tsamiya, da inda zai bar kwari ya hau tudu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne muryarsa. Ta buɗe, kafaɗunsa suka miƙe, ya koma wani yaro da ban taɓa sani ba. Sande ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa a daji. A zaurenmu ya ci tuwo ranar, kuma duk sauran kakar in ya zo ɗaukar kaya sai ya ratso ya gaida Baba.

Kafin cinikin gujiya ya ƙare Sande ya nemi a ba shi Lawal ya zama karen motarsa, ya ce zai koya masa tuƙi, kuma a Kano akwai makarantar yamma da manya ke zuwa. Baba ya ƙi. Ya ce, "Amana aka ba ni, ba zan ɗora ta a bayan mota ba." Lawal bai yi musu ba. Ya koma gona, ya yi huɗa, ya yi noma, ya yi girbi, amma ya daina kirana daga cikin hatsi, ya daina rubutu a ƙasa, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Da shekara ta zagayo motar ta dawo, Inna ce da kanta ta sami Baba a gindin aduwa. Ina kusa ina gyaran igiyar guga, na ji ta ce, "Malam, yaron nan jikinsa kaɗai muke riƙe da shi. Ka sake shi, ko Allah ya sa rabonsa yana can." Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Inna ta soya wa Lawal ƙuli-ƙuli, ta ɗaura masa garin fura a tsumma. Da safe ya hau bisa buhunan gujiya, motar ta tashi, yara suka bi ta da gudu. Ni ban bi ba, na tsaya a bakin danga har ƙarar ta ɓace.

Kaka biyu yana zuwa mana. Ya yi tsawo, ya yi gashin baki, rigarsa tana warin man mota, har Sande yakan bar masa sitiyari daga kwari zuwa ƙofar gidanmu. Ya kawo wa Inna atamfa da sabulu, ya kawo wa Baba fitilar ƙwai. Ya ce yana zuwa makarantar yamma in ba su kan hanya, kuma a gidan Sande yake kwana, cikin ƴaƴansa. Inna takan zaunar da shi ta yi ta kallonsa yana cin abinci. Waɗannan ne shekarun da na ga hankalinta a kwance.

A 1966 labari ya fara zuwa cewa ana rikici a garuruwan ƙetare, ana kashe mutanen kudu, suna gudu. Kaka ta yi, motoci suka zo, ta Sande ba ta zo ba. Sai muka ji cewa wasu daga cikin masu gudun sun tsallako iyaka, suna Gazawa a wata rumfa kusa da ofishin jandarma, suna jiran motar da za ta zagaya da su ta Dahome zuwa ƙasarsu. Inna, wadda ba ta cika zuwa ko kasuwar Gangara ba, ta ɗaura zane ta dama fura a ƙwarya ta ce in wuce mu tafi. Mun same su zaune a kan ƙullin kaya, mata da yara da ƴan maza kaɗan. Na bi su ɗaya ɗaya ina ambaton sunan Sande, har wani mutum mai hannu a naɗe da tsumma ya ɗago kai. Inna ta gaishe shi, bai amsa ba. Ko bai iya Hausa ba ne, ko kuwa ranar bakinsa ne ya ƙi ta, ban sani ba. Sai na tattaro abin da ke kaina na ce, "Where is Lawal? Is he in Kano?" Ya girgiza kai ya ce, "E dey for East. Na him drive dem go." Wannan ba irin Ingilishin da aka koya mini ba ne, babu ko ɗaya daga cikin kalmomina uku a ciki. Amma da ya ga ban gane ba sai ya kwatanta da hannunsa mai lafiya, ya nuna an sari Sande a kafaɗa, ya nuna mace da yara ana cusa su a mota, ya kama sitiyari a iska ya ce Lawal. Kalmar "East" kuwa na san ta, gabas ce.

Inna ta ja rigata ta ce, "Habu, me ya ce?" Na ce, "Ya ce Lawal yana da rai, Inna. Ya tuƙa su sun tafi gabas." A wurinmu in an ce mutum ya tafi gabas, abu biyu ake nufi, ko neman karatu ko hanyar Makka. Fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ajiye ƙwaryar furar a gaban mutumin ta ce ya sha da yaran. Duk hanyar komawa tana tafe tana lissafin mutanen da ta sani da suka tafi gabas a ƙasa suka dawo bayan shekaru da sunan alhaji. Da muka isa na maimaita wa Baba maganar a zaure, maƙwabcinmu Tanko mai goro yana wurin, shi kuwa ya san hanyoyin kudu. Ya ajiye goron da yake ɓarewa ya ce wannan gabas ɗin ba ta alƙibla ba ce. Suna ne da Ingilishi suka sa wa ƙasar su Sande, kuma daga nan kudu take, can bayan manyan koguna, wajen teku. Ya ƙara da cewa yadda ake korar nasu daga arewa, haka su ma ba za su ga Bahaushe a can su ƙyale ba. Baba ya shiga gida ya gaya mata yadda aka gaya masa, bai rage komai ba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, ni gabas guda na sani, ita nake fuskanta kullum. Can yaron nan yake."

Damanar da ta biyo baya yaƙi ya ɓarke a can, muna jin labarinsa a rediyon Tanko. Baba ya yi ta ba ƴan cirani saƙo. Wani ya dawo ya ce an tare motoci a wata gada, ba wanda ya fita. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana tuƙa motar sojoji. Bayan yaƙi wani ya rantse cewa yana Fatakwal, ya yi aure. Ba wanda ya zo da abin da za a riƙe. Baba ya so a yi masa sadaka irin ta mamaci, Inna ta hana. Duk alhajin da ya dawo a yankinmu, ko a Gangara ne ko a ƙauyukan gefe, sai ta je yi masa barka, in mutane sun ragu ta matsa ta tambaye shi ko ya ga wani dogon yaro mai jin Ingilishi a hanya. Suna amsa mata da cewa taron yana da yawa, Allah ya bayyana shi. A shekarun da aka yi fari da yunwa ta rasu, tana tambaya.

Yanzu na tsufa a wannan ƙauyen. Gujiya ta ja baya, wake ya maye gurbinta, manyan motocin nan sun daina ratsowa, kwarin ma an nome shi. Babura suna tsallaka iyaka su dawo kafin azahar. Jikokina suna koyon Ingilishi a kwaleji, a aji mai rufin kwano, ba mai rataya musu komai a wuya, kuma ba ya burge su. Samarinmu sun watsu, wasu Legas, wasu Agadas, wasu Libiya, amma kowace uwa tana da ƴar salula a ƙulle a bakin zane. Ina zaune a zaure nakan ji su ta bayan danga, kafin ma gaisuwa sai su ce, "Kana ina?" kuma daga can nesa a amsa musu nan take, su yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, su kashe. Nakan so a ce Inna ta ga wannan zamani, ko na yini guda. Tambayar da suke yi a tsaye suna tankaɗe, ita ta ci sauran rayuwarta.